Jean-Baptiste Biot: Masanin da Ya Auna Haske a Cikin Ruwan Sukari

A wannan fitowa mun ɗauko muku tarihin wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa mai suna Jean-Baptiste Biot, wanda ake furta sunansa kamar Biyo. 'Yan ajin kimiyya da suka kai babin lantarki da maganaɗisu wataƙila sun taɓa cin karo da sunan nan. Mu kuwa abin da ya ja hankalinmu shi ne aikin da ya yi a kan ruwan sukari. Shekaru da dama bayan mutuwarsa masana sun dawo sun ɗauki wannan aiki suna auna radiyeshin da shi, wato abin nan da ake kira tururin nukiliya, wanda shi Biot har ya bar duniya bai taɓa jin labarinsa ba.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Biot a birnin Paris ranar 21 ga Afrilu, 1774. Mahaifinsa ma'aikacin baitulmalin gwamnati ne, kuma burinsa ɗansa ya zama ɗan kasuwa. Bayan yaron ya yi karatu a makarantar Louis-le-Grand, sai aka tura shi garin Le Havre da ke bakin teku, ya riƙa yi wa wani attajiri aikin akawu. Aikin bai kwanta masa a rai ba. A lokacin juyin juya halin da ya fara a 1789 ya hargitsa Faransa, maƙwabta kuma sun yi mata taron dangi. Biot ya shiga soja a 1792, a sashen masu harba igwa, har ya halarci yaƙin Hondschoote a 1793.

Da ya ajiye kaki sai ya koma aji. A 1794 aka buɗe babbar makarantar kimiyya da fasaha ta École Polytechnique, yana cikin ɗalibanta na farko. A shekarar da ta biyo baya ya shiga wani bore da aka yi wa gwamnati a Paris, aka kama shi. Malaminsa Gaspard Monge, wanda ya san irin basirar yaron, shi ya sa baki aka sake shi.

A 1797 aka ba shi aikin koyar da lissafi a garin Beauvais. A nan ya yi wata dabara da ta dace kowane ɗalibi ya lura da ita. Babban masanin lissafi na zamanin, Pierre-Simon Laplace, yana shirya wani katafaren littafi kan tafiyar taurari. Biot ya nemi a ba shi aikin duba kurakuran ɗab'i a shafukan littafin kafin a buga. Da haka ya riga kowa karanta littafin, ya kuma samu damar yi wa marubucin tambayoyi duk inda ya maƙale. Laplace ya yaba da shi, ya tsaya masa, a 1800 Biot ya zama farfesa a Collège de France yana da shekara 26.

Duwatsun da suka faɗo daga sama

Ranar 26 ga Afrilu, 1803, da rana tsaka, mutanen garin L'Aigle a yankin Normandy suka ji wata ƙara mai firgitarwa, sannan duwatsu kusan 3,000 suka zubo daga sama. A wancan zamani yawancin masana suna ɗaukar irin wannan labari a matsayin tatsuniyar mutanen ƙauye. Wani Bajamushe mai suna Ernst Chladni ya rubuta tun 1794 cewa duwatsu na faɗowa daga sararin samaniya, amma kaɗan ne suka yarda da shi.

Ministan cikin gida, Jean-Antoine Chaptal, ya tura Biot ya binciko. Biot ya bi ƙauye-ƙauye yana tambayar shaidu: manoma, sojoji, limaman coci, mata da yara, mutanen da ba su da wata hanyar haɗa baki. Ya kwatanta duwatsun da na ƙasar yankin da kuma kashin ƙarfen maƙeru, ya ga ba su yi kama da ko ɗaya ba. Ya zana taswirar wuraren da suka faɗo. Da ya gabatar da rahotonsa a watan Yuli, masu musu suka rasa abin faɗa. Tun daga nan halinsa ya fito fili: ba ya gaskata labari ko ƙaryata shi sai ya je ya gani, ya auna, ya rubuta. Gani ya kori ji.

Ranar 24 ga Agusta, 1804, shi da Joseph Louis Gay-Lussac suka hau balan-balan mai ɗaukar mutane, suka yi sama kimanin mita 4,000, don su gano ko ƙarfin maganaɗisun duniya na raguwa idan an yi nisa da ƙasa. A 1806 ya tafi Sifen tare da François Arago aikin auna ƙasa, a 1817 kuma ya je tsibiran Shetland a arewacin Birtaniya yana auna ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi. A 1820, shi da Félix Savart suka auna ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da wayar da lantarki ke bi, suka fitar da dokar da har yau take ɗauke da sunayensu biyu a littattafan fiziks.

Haske da ruwan sukari

Yanzu mun zo babban aikinsa. Don mu fahimce shi, sai mun san wani abu game da haske.

Ku ɗauka an ɗaura igiya a jikin bishiya, an zura ta tsakanin sanduna biyu na shinge da ke tsaye. Idan kuka kaɗa igiyar sama da ƙasa, motsin zai wuce ta tsakanin sandunan. Idan kuka kaɗa ta hagu da dama, sandunan za su tare shi. Hasken rana ko na fitila yana kaɗawa ta kowace fuska. Amma akwai matatar haske da ke barin fuska ɗaya kawai ta wuce, kamar wancan shinge. Hasken da ya fito daga cikinta mu kira shi tataccen haske. Idan aka ajiye matata ta biyu a gaba, aka juya ta ta gilma wa ta farko, babu hasken da zai wuce, sai duhu.

Wani masani mai suna Étienne-Louis Malus ya gano a 1808 cewa hasken da ya dawo daga jikin gilashi yakan zama tatacce. A 1811 Arago ya ga wasu launuka na ban mamaki lokacin da tataccen haske ya ratsa wani dutse mai sheƙi da ake kira kwaz. Biot ya ɗora daga nan, ya nuna cewa dutsen juya fuskar hasken yake yi, kamar yadda ake murɗa makulli. A 1815 ya gano cewa wasu abubuwa masu ruwa-ruwa ma suna yin haka, irin su man tafentin da ake samu daga itacen fain da man lemun tsami. Bayan haka ya ga ruwan sukarin rake shi ma yana juya haske.

Ga yadda gwajin yake. A jera matata biyu har a samu duhu. A sa bututun gilashi cike da ruwan sukari a tsakaninsu. Nan take haske zai dawo, domin sukarin ya karkatar da fuskarsa. Sai an juya matata ta biyu da wasu digiri kafin duhu ya sake dawowa. Yawan digirin da aka juya shi ne awon. Na'urar da ke wannan aiki ita ake kira polarimita.

Biot ya shafe shekaru yana maimaita wannan awo, har ya fitar da ƙa'idoji. Idan aka ninka tsawon bututu, juyin zai ninka. Idan aka ƙara yawan sukarin da ke cikin ruwan, juyin zai ƙaru daidai gwargwado. Shuɗin haske ya fi jan haske juyawa. Wasu abubuwa dama suke juya haske, kamar sukarin rake, wasu kuma hagu. A ma'aunin da masana'antun sukari ke amfani da shi yau, giram 26 na tsantsar sukari a cikin ruwan da ya cika mililita 100, a bututu mai tsawon santimita 20, yana juya rawayan haske kimanin digiri 34.6 zuwa dama.

Sannan ya yi wani tunani mai zurfi. Kwaz dutse ne mai tsararrun ƙwayoyi, idan an narkar da shi ya daina juya haske. Ruwan sukari kuwa ba shi da wani tsari, ƙwayoyinsa yawo suke yi ko'ina, amma duk da haka yana juyawa. Ke nan sirrin yana cikin ginin kowace ƙwayar sukari ita kanta. Don ya tabbatar, har tururin man tafentin ya cusa cikin wani dogon bututu, ya kuwa ga juyin, kafin wuta ta tashi ta cinye kayan gwajin.

Akwai ƙarin abu guda da za mu so ku riƙe, don za mu dawo kansa. Idan aka dafa ruwan sukarin rake da ɗan asid, kowace ƙwaya takan rabu biyu, ta zama gulukos da furuktos. Gulukos dama yake juya haske, furuktos kuma hagu, kuma ƙarfinsa ya fi. Saboda haka ruwan da a da yake juyawa dama sai ya koma hagu. Ma'ana, duk abin da ya taɓa ginin ƙwayar sukari, polarimita za ta tona shi.

Amfanin wannan bincike bai daɗe ba ya bayyana. Masana'antu suka samu hanyar sanin yawan sukarin da ke cikin ruwan rake cikin 'yan mintoci, hukumomin kwastan kuma suka samu hanyar yanka wa sukari haraji gwargwadon ingancinsa. A 1840 Biot ya nuna cewa za a iya gane ciwon sukari ta hanyar duba fitsarin majinyaci da wannan na'ura. A shekarar ce ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar yabo ta Rumford.

Inda ya yi kuskure

Ba za mu ɓoye muku rauninsa ba. Biot ya tsaya kai da fata cewa haske wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ke tafiya kamar harsasai, kamar yadda Isaac Newton ya koyar. Wani matashin injiniya, Augustin Fresnel, ya kawo hujjoji cewa haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, Arago kuma ya mara masa baya. Biot da Arago, waɗanda suka sha wahalar tafiya tare a Sifen, suka shiga jayayya mai zafi. A ƙarshe bayanin Fresnel ne ya yi rinjaye a wancan ƙarni, kuma shi ne tushen misalin igiya da muka ba ku a sama. Abin lura shi ne, ko da bayanin Biot ya faɗi, alƙaluman da ya auna sun tsaya daram. Abokan hamayyarsa ma da su suka yi aiki.

Tsoho da matashi

A 1848 Biot yana da shekara 74 aka kawo masa labarin wani matashi ɗan shekara 25 mai suna Louis Pasteur. Akwai wata matsala da ta daɗe tana damun masana. Asid ɗin tartarik da ake samu daga 'ya'yan inabi yana juya haske dama. Akwai kuma wani asid da ya yi daidai da shi a duk gwajin sinadarai, amma ba ya juya haske ko kaɗan. Pasteur ya ce ya gano dalili: gishirin asid na biyun ƙwayoyi iri biyu ne a gauraye, masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki, ya ga kashi ɗaya na juya haske dama, ɗaya hagu, shi ya sa a haɗe suke kashe juna.

Biot bai yarda nan take ba, bai kuma kori yaron ba. Ya kira shi Collège de France, ya ba shi sinadarai daga nasa ɗakin gwaji, ya sa aka haɗa su a gabansa, ya ajiye kwanon a wurinsa har ƙwayoyin suka fito. Pasteur ya rarraba su tsohon na kallo. Sannan Biot ya narkar da su da hannunsa, ya sa kashin da aka ce na hagu ne a polarimita. Hasken ya juya hagu. Daga ranar ya zama uba kuma majiɓinci ga Pasteur, wanda daga baya ya shahara a duniya kan binciken ƙwayoyin cuta da rigakafi.

Ƙarshen rayuwarsa

Biot ya yi rubuce-rubuce kan tarihin ilimin taurari na Masar da Sin da Indiya. Ɗansa Édouard, masanin harshe da tarihin ƙasar Sin, ya riga shi mutuwa a 1850. A 1856 aka zaɓi Biot cikin majalisar masana harshen Faransanci, Académie française. An kuma raɗa wa wani baƙin ma'adini mai sheƙi suna biotite don girmama shi. Ya mutu a Paris ranar 3 ga Fabrairu, 1862, yana da shekara 87.

Aikin da awonsa ya yi bayan ba ya nan

Shekara 33 bayan mutuwarsa, a 1895, Wilhelm Röntgen ya gano hasken nan mai ratsa jiki da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. A 1896 Henri Becquerel ya gano cewa yuraniyom na fitar da radiyeshin da kansa, a 1898 kuma Marie da Pierre Curie suka gano radiyom. Radiyeshin ba a ganinsa, ba shi da wari, ba a jin taɓawarsa, amma yana ƙona jiki yana kuma kisa. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara aiki da shi sun rasa lafiyarsu. Dole aka nemi hanyar auna shi.

Ma'aunin da ake amfani da shi yau sunansa gray, don tunawa da masanin Ingila Louis Harold Gray. Gray ɗaya na nufin kowane kilogiram na abu ya sha ƙarfi jul ɗaya. Gray 4 zuwa 5 a dukan jiki lokaci guda na iya kashe kusan rabin mutanen da ya sama idan ba su samu magani ba. Amma akwai ayyukan da ke buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Don kashe ƙwayoyin cuta a sirinji, safar hannun likita da bandeji bayan an rufe su a leda, ana yawan amfani da gray 25,000. Kayan yaji kan sha har gray 10,000. Albasa da dankali kuwa gray 50 zuwa 150 ya isa ya hana su tsiro a ma'ajiya. Ana yin wannan aiki da hasken gamma daga sinadarin kobal-60, kuma kayan ba sa komawa masu fitar da radiyeshin bayan an gama. Akwai irin wannan cibiya a Sheda kusa da Abuja, akwai kuma a Kwabenya da ke Ghana.

A nan kuskuren awo ba wasa ba ne. Idan radiyeshin ya gaza, sirinji zai isa asibiti da sauran ƙwayoyin cuta a jikinsa, kowa na zaton tsarkakakke ne. Idan ya yi yawa, roba ta lalace, abinci ya canza ɗanɗano. Kuma ba mutumin da zai iya tsayawa cikin ɗakin yana duba na'ura. Mafita ita ce a sa wani abu tare da kayan, abin da radiyeshin ke canzawa daidai gwargwadon yawansa, a fito da shi daga baya a duba. A 1927 Hugo Fricke da Sterne Morse suka fito da wani ruwa mai gishirin ƙarfe da ke wannan aiki, amma ƙarfinsa kan ƙare a wajen gray 400.

Cikin abubuwan da masana suka gwada don manyan awo akwai ruwan sukari. Idan radiyeshin ya ratsa ruwa yakan farfasa wasu ƙwayoyin ruwan, ɓaraguzan kuma su afka wa ƙwayoyin sukari su lalata gininsu. Kun tuna abin da muka ce ku riƙe? Idan ginin ƙwaya ya canza, juyin haske ma sai ya canza. Saboda haka ana auna ruwan gulukos ko na sukarin rake a polarimita kafin a sa shi a ɗakin radiyeshin, a sake aunawa bayan an fito da shi. Yawan raguwar juyin shi ke nuna yawan abin da ya sha. Tun farko akan ba wasu kwalabe radiyeshin da aka san adadinsa, a zana jadawali, sannan a riƙa kwatanta sauran da shi. Hanyar ta dace da awon dubban gray. Sukari yana da araha, ba guba ba ne, ana samunsa ko'ina, kuma ruwansa na shan radiyeshin kusan yadda abinci da naman jiki ke sha.

Busasshen sukari ma ya yi rana, ta wata hanya dabam. Radiyeshin na barin tabo a cikin ƙwayoyinsa wanda ke daɗewa, kuma akwai na'ura mai aiki da maganaɗisu da ke karanta tabon. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, masana sun yi amfani da sukarin da aka bari a gidajen garin Pripyat don ƙiyasta radiyeshin da ya shiga ɗakunan.

Abin da muka ɗauka

Lokacin da Biot ke leƙen bututun ruwan sukari, ba asibiti ko tashar nukiliya a ransa. Ya dai auna abin da ke gabansa da kyau, ya maimaita, ya rubuta gaskiyar abin da ya gani. Shi ya sa awon ya fi shi tsawon rai, ya ma fi ra'ayinsa game da haske tsawon rai. Wannan darasi ne gare mu a ranar gwaji a ɗakin kimiyya, lokacin da zuciya ke raya wa ɗalibi ya gyara lambar da ya samu don ta yi daidai da ta littafi ko ta maƙwabcinsa.

Ga mai son gani da idonsa, gwajin ba shi da wuya. A nemi kwamfutar tafi-da-gidanka a buɗe farin shafi, domin hasken fuskar yawancinsu tatacce ne. A dama sukari mai kauri sosai a kofin gilashi, a ajiye a gaban fuskar. A nemi tabarau irin na direbobi mai tace ƙyalli, a duba ta cikinsa ana juya shi sannu a hankali. Za ku ga fuskar kwamfutar ta yi duhu, amma ruwan sukarin yana haske yana canza launi. Muna roƙon malamanmu na fiziks da kemistiri su taimaka wa duk ajin da ke son gwadawa, wanda ya yi kuma ya kawo mana sakamakonsa mu liƙa a wannan allo.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.